Kawuna Tara a Bangon Shagona

Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka da Mai Gwangwani, ni da shagon askina, shi da ɗan ɗakinsa na fenti a bayan nawa, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa jin ya zargi kowa da komai ba. Ni kuwa zargi ne abincina. Idan mutum ya gaishe ni sau biyu a rana ɗaya, sai na taɓa aljihuna. Matata tana cewa da a ce ana sayar da zato a kasuwa da tuni mun gina bene. Na faɗi wannan tun farko ne don kada a ce na ɓoye halina, domin halin nan nawa yana da hannu dumu-dumu a abin da ya sami mutumin.

Sunan ya samo asali ne daga gwangwanayen madara da yake haɗa fenti a ciki. Sun fi ɗari biyu, jere a kan katako har rufi, kowanne da ɗan tsumma a bakinsa. Ya fara sana'ar tun yana saurayi a tashar mota, yana rubuta lamba a jikin manyan motoci, daga nan ya koma zana zaki da gaggafa a bayansu. Da gwiwa ta fara hana shi hawa mota, sai ya sauko ya kama bangon shaguna. Kifin da ke jikin shagon mai kifi nasa ne, takalmin mai gyaran takalmi nasa ne, haka ma haƙorin nan mai murmushi a ƙofar likitan haƙori. Bai taɓa sa sunansa a ƙarƙashin aiki ba, sai lambar waya. Ya ce suna ba ya kawo aiki, waya ce ke kawowa.

Inda ya fi kowa shi ne fatar mutum. Yana da gwangwanin baƙin fenti, amma na gashi ne da ƙwayar ido, ba ya kusantar da shi ga fuska. Idan zai zana ka, sai ya kama hannunka, ya ɗiga fenti a bayansa, ya kai ka bakin ƙofa wurin haske ya duba. Ya ƙara ja kaɗan, ya ƙara ruwan ƙasa, wani lokaci har shuɗi, ya sake ɗigawa, har sai ɗigon ya ɓace a jikinka ka rasa inda yake. Sannan zai ce, "To, yanzu na same ka." Yakan ce tunda yake bai taɓa ganin baƙin mutum ba, waɗanda ba su iya kallo ba ne suka raɗa mana sunan.

Shekara goma sha shida da suka wuce ya zana mini kawuna tara a bangon shagona na gefen titi, kowane kai da irin askinsa, don mai wucewa ya nuna wanda yake so. Ba daga ka ya ƙirƙiro su ba, mutanen layinmu ne. Akwai mai walda, akwai direban motar asibiti, akwai tela mai sanƙon da yake musu. Na uku daga hagu yayana ne. A kunnensa na hagu akwai ɗan tsagu a sama, kamar ɓera ya ɗanɗana. Ni na yi masa shi da almakashi ranar da na fara koyon aski, ya ba ni kansa don babu wanda ya yarda ya ba ni nasa. Jini ya ɓata masa riga, bai ko tsawata mini ba, cewa ya yi in ƙarasa ɗaya gefen. Mai Gwangwani ya zana tsagun yadda yake. Shekara guda bayan haka yayana ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Ka'idar Mai Gwangwani ita ce duk bayan shekara biyu ko uku ya zagaya ya sabunta aikinsa, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. A wurinsa zanen da ya koɗe abin kunya ne, kamar mutum ya fita da yagaggen wando. Ni kaɗai na hana shi. Duk lokacin da ya zo da tsani sai in ce ba yau ba. Rana ta ci bangon, ruwa ya wanke shi, fuskar tela ta fara ɓarewa, amma ban yarda ba. Ban taɓa gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Hannun da aka ɗiga wa fentin nan yana cikin ƙasa, ban ga yadda za a sake samo launinsa ba.

Bango yana da shekara huɗu wani Bature ya zo layinmu da kyamara a wuya. Muka sa masa Dogo. Kwana uku ya yi yana ɗaukar hoton bango, daga nesa, daga kusa, har da kwanciya a ƙasa. Ya zauna a ɗakin Mai Gwangwani yana shan shayi yana tambaya, shi kuwa ya zage yana nuna masa komai, har yadda yake karkata kan mutum ya ɗan kalli sama don aski ya fito. Na ja Mai Gwangwani gefe na ce, "Aboki, in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi." Ya yi dariya ya ce, "To me zai ɗauka? Bangon zai sa a jaka?" Dogo ya tafi ya bar masa burushi guda uku masu kyau, kuma har yau yana yaba su.

Bara, wata ranar Asabar, 'yar Mai Gwangwani ta shigo shagona ina tsakiyar aski. Malamar makaranta ce, ita kaɗai ta rage masa a garin tun rasuwar mahaifiyarta. Ta miƙo mini waya ta ce, "Baba, dubi nan, ko idona ne?" Wani babban ɗaki ne mai farin bango, mutane cikin kwat riƙe da kofuna, a bayansu zane ya kusa kai rufi. Kawuna tara. An watsa musu fenti ta ko'ina, an yi 'yan rubuce-rubuce a gefe kamar na yaran da ke ɓata katanga, amma karkatar kan nan tana nan. Na buɗe hoton da yatsa biyu na je kan na uku. Tsagun yana nan a kunnen hagu. Sai da mutumin da nake wa aski ya ce in ɗauke masa injin daga ƙeya.

Ashe Dogo ya zama wani abu a duniya. 'Yar ta karanta mana abin da jaridun can suka rubuta: wai shi ne ya ɗauko zanen titi ya shigar da shi manyan ɗakuna, wai ya ba baƙar fata fuska. Na ce, "Da can da me muke yawo, da ƙeya?" Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Muka kai wa Mai Gwangwani wayar, ina jiran ya tashi ya yi faɗa sau ɗaya a rayuwarsa. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Yaron yana da hannu," ya ce. "Amma bai koyi fata ba. Dubi, baƙi zalla ya zuba musu su tara, kamar gawayi. Yayanka akwai ja a ƙarƙashinsa."

"Abin da ka gani ke nan? An sace ka da rana tsaka, kai kana duba launi?"

"To ai shi ne kuskuren da ke ciki."

'Yar ba ta gaji haƙurinsa ba. Ta ɗauki hoton bangona ta jera da na Dogo ta sa a intanet, da sunan mahaifinta cikakke, wanda ni kaina na kusa mantawa. Cikin mako biyu magana ta kama wuta. Masu cewa sata ce, masu cewa kowa ma a wurin wani ya koya, masu cewa da baƙi ne ya kwaikwayi fari da tuni an kai shi kotu. Lauyoyin Dogo suka fito da tasu: wa ya san ranar da aka zana bangon nan? Zanen mutuminsu shekararsa takwas a duniya, hotonsa yana ko'ina, kuma a ƙasa mai zafin rana fenti yana iya tsufa cikin shekara biyar. Wato mu ne muka kwaikwaye shi. Mu kuwa ba mu da hoto ko ɗaya na lokacin, don wa zai tsaya ɗaukar hoton bangon mai aski?

Ana cikin haka wata mata ta kira 'yar daga wani gidan baje kolin zane na can. Ta ce za ta zo da wani masani da zai ɗebi ɓawon fentin kaɗan ya auna shekarunsa. Idan ya haura takwas, gidansu zai rubuta sunan Mai Gwangwani a matsayin mai asalin aikin, su kuma nuna zanensa da sunansa. Abin da ke gabanmu ke nan: tsoho mai shekara saba'in da bai taɓa sa hannu a aikinsa ba, sunansa zai hau inda ya dace, kuma shaidarsa ɗaya ce tak, ɓawon fentin da ke bangona.

Ni ban yarda da matar ba. 'Yar ta nuna mini hotonta, fatarta irin tamu, harshenta irin nasu. Na ce wannan ita ce dabarar, sun turo mai kama da mu don mu saki jiki. Wa ya biya mata kuɗin jirgi? Wa ya ce masanin ba yaron Dogo ba ne? Ruwa ba ya tsami banza. Har mai sayar da katin waya da ya kafa tebur a tsallaken titi a makon nan sai da na sa masa ido, na ce ɗan leƙen asiri ne. Na fara kwana a shago. Wani yaro ya jingina keke da bangon, na bi shi da tsintsiya.

Babban tsorona kuwa Mai Gwangwani ne da kansa. Cikinsa ba ya riƙe magana, abin da ya ji da safe mai shayi ya ji kafin azahar. Idan ya san cewa tsufan fentin nan ne hujja, duk gari zai sani, kuma cikin gari akwai wanda za a ba ɗan abu ya zo ya watsa wa bangon ruwan batir. Ko kuma wani ya zo da murmushi ya roƙe shi, ya ɓamɓare ya ba shi kyauta. Na zaunar da 'yar na ce, "Kada ki gaya wa babanki dalilin zuwansu. Ki ce baƙi za su zo kallon bango ranar Laraba, shi ke nan."

Ta ce, "Baba, aikinsa ne fa. Ya kamata ya sani."

"Na riga ki saninsa da shekara nawa? Ki bar mini wannan."

Ta bi maganata don tana ganin girmana. Da ta yi mini taurin kai irin na 'ya'yan yanzu, da na gode mata.

Ranar Litinin na rufe shago na hau mota zuwa wani gari, wurin ƙanin matata lauya. Na ƙudura cewa ba mai taɓa bangon nan sai a gaban lauya, kuma duk ɓawon da aka ɗiba a raba biyu, rabi a hannunmu. Waya ba ta yi mini ba, don ban yarda da waya ba, zuwa da kai ya fi aike. Na same shi yana kotu, na jira, ya ce sai Laraba da sassafe zai samu fita. Na kwana biyu a gidansa. Bangon na bar wa mai gadin kantin magani amana, na ce kada ya bar baƙuwar fuska ta matso. Ya kuwa riƙe amana, babu baƙon da ya matso.

Laraba da hantsi muka sauka a bakin layi ni da lauya. Tun daga nesa na hango wani haske a gefen shagona, na ɗauka rana ce. Da muka matso sai na ga abin da ke hasken. Kawuna tara, sababbi fil, suna sheƙi kamar yau aka haife su. Tsani a jingine, gwangwanaye a jere a ƙasa, Mai Gwangwani cikin wankakkiyar riga yana goge hannu da tsumma, fuskarsa cike da fara'a.

"Ka gani?" ya ce. "Kwana biyu cur. Gwiwar nan har kuka take."

Na ce, "Me ka yi?"

"Mutane za su taso daga wata duniya su kalli aikina, in bar su su tarar da fuskar tela tana zuba? Su koma su ce haka muke aiki? Ai ko baƙon ƙauye ka share masa ɗaki."

Lauya ya ce ba komai, tsohon yana ƙarƙashi, masana suna iya tono shi. Ni na san ba haka ba ne tun kafin a ba shi amsa, don na shekara talatin ina kallon mutumin nan yana aiki. Mai Gwangwani ya dube shi da mamaki, ya ce, "A kan ruɓaɓɓen fenti? Wannan aikin 'yan koyo ne, wata shida ya kumbura." Shi kankarewa yake yi har sai ya ga siminti, ya bi da burushin ƙarfe, ya wanke da ruwa. Na duba kwata. An yi ruwan sama daren Litinin, ko ƙura ba ta rage ba.

Motar baƙi ta iso muna tsaye. Matar ta fito da murmushi, masanin yana biye da ƙaramar akwati, 'yar kuma ta taho da gudu daga makaranta. Murmushin bai kai bakin bango ba. Masanin ya taɓa gefen kan mai walda, ya duba yatsarsa, fenti ya kama. Ya rufe akwatinsa ba tare da ya fitar da komai ba. 'Yar ta dafa bango ta sunkuya, sannan ta ɗago ta dube ni. Har yau na fi son da ta zage ni da wannan kallon.

Ni na yi wa Mai Gwangwani bayani, a gaban kowa, don ba wanda ya cancanci wannan aikin sai ni. Ya saurara har ƙarshe. Ya dubi bangon, ya dubi kwata.

"Wato ruɓewar suke so," ya ce.

"Ita ce shaidarka."

"Kuma ka sani tun yaushe?"

"Mako uku."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ka ji tsoron bakina."

Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba ne.

Matar da na ɗauka 'yar aiken Dogo ce ta zauna a kan bencin shagona idonta ya cika da hawaye. Ta ce ta daɗe tana faɗa da manyanta a kan maganar nan, da kuɗinta ta sayi tikiti. Ta ce ta yarda da mu ɗari bisa ɗari, amma yardarta ba hujja ba ce, gidansu ba zai sa suna a bango a kan yarda ba. 'Yar tana fassara. Mai Gwangwani ya ga baƙuwa tana kuka a layinsu, abin ya dame shi fiye da nasa. Ya ɗauko gwangwani ya ce ta kawo hannu. Ya ɗiga, ya kai ta haske, ya ƙara ja, ya ƙara rawaya kaɗan, ya sake ɗigawa. A karo na huɗu ɗigon ya ɓace. Ya ce, "To, yanzu na same ki." Ta daɗe tana juya hannun tana nema. Ta ce a makarantar da ta yi, launi ɗaya aka koya musu da sunan launin fata, kuma ba nata ba ne.

Sun tafi da yamma. Ta yi rubutu a kansa daga baya, an karanta, an yaba, an wuce. Dogo yana nan da sunansa, na ji ma an ce ya ƙara tsada. Kwanakin baya wasu 'yan jami'a biyu suka tsaya a gaban bangona suna ɗaukar hoto, na ji ɗaya yana ce wa ɗaya, "Ka ga, har nan an fara kwaikwayon Baturen nan." Ina riƙe da reza a lokacin, sai na ajiye ta na zauna.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini ba. A ranar, bayan kowa ya watse, na tsaya ni kaɗai ina duba kawunan ɗaya bayan ɗaya. Launin yayana ya fito daidai, da jan nan a ƙarƙashi, ashe gwangwanin launinsa yana ajiye shekara goma sha biyar, yana ɗiga masa mai kada ya bushe ya ɓata masa samfuri. Sai na kai ga kunnen hagu. Lafiyayye ne, babu tsagu.

Na same shi a ɗakinsa yana wanke burushi. Na ce, "Aboki, ka manta kunnen."

"Ban manta ba."

"To don me?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kullum da safe in ka zo buɗe shago, sai ka kalli kunnen nan ka sunkuyar da kai. Shekara goma sha huɗu ina ganinka ta taga. Na ɗauka shi ya sa ba ka son a taɓa bangon, kana hukunta kanka. Na ce tunda dama ta samu, bari in sauke maka."

Ni da nake taƙama ba abin da ke wuce ni a layin nan, ban taɓa sanin ana kallona ba. Kuma bai fahimce ni ba, kamar yadda ban fahimce shi ba. Ba kunya ce take sa ni sunkuyawa ba, gaisuwa ce. Tsagun nan shi ne abu na ƙarshe da ya rage tsakanina da yayana. Na buɗe baki in gaya masa, sai na tuna abin da na ɓoye masa da abin da ya jawo. Na ce, "Na gode." Ya ce ba komai.

Bangon nan shi ne babban aikinsa na ƙarshe, gwiwa ba ta ƙara barinsa ya hau tsani ba. Yana zuwa aski duk mako, yana ba ni kansa ya rufe ido, har barci yake yi a kujera. Bai taɓa tayar da maganar ba. 'Yar ta koma gaishe ni bayan wata huɗu. Wani lokaci idan ta biyo ta ƙofar shago kuma babu kowa, nakan ce ta ara mini wayarta. Ta san abin da nake so, ita take nemo mini zanen Dogo. Sai in buɗe shi da yatsa biyu, in wuce baƙin da ya zuba, in je kan na uku daga hagu, don yanzu a can kaɗai kunnen yayana yake yadda na bar shi.